"Babu Rezo": Wani Lokaci Rumfuna Ne Suka Ƙare

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko Ƙonni zuwa Illela, ya san wannan magana. Mota tana tsaye a rana, albasa tana gumi cikin buhu, ma'aikaci ya ɗaga kai ya ce babu rezo, a dawo an jima. Sau da yawa gaskiya ce, kuran ya ɗauke ko waya ta tsinke. Amma akwai wani dalili da ba a faye faɗa ba, shi ne ƙarancin adireshi.

Kowace kwamfuta ko salula, kafin ta yi magana bisa intanet, sai an ba ta lamba, tamkar lambar rumfa a kasuwa. Tsarin da aka kafa a 1981, mai suna IPv4, adireshi wajen miliyar 4 da miliyan 300 kawai gare shi, alhali mutanen duniya sun zarce miliyar 8. Waɗanda suka riga zuwa kuwa sun kwashi kaso mai tsoka. Ma'aikatar tsaron Amurka ita kaɗai tana riƙe da sama da miliyan 200, fiye da abin da aka ba Afirka baki ɗaya.

Ranar 3 ga Fabrairun 2011 babban rumbun duniya ya ƙare. Kowace daga cikin hukumomi biyar masu rabo ta karɓi kasonta na ƙarshe, adireshi miliyan 16 da ɗoriya. Ta nahiyarmu ita ce AFRINIC, mai cibiya a tsibirin Moris, kuma daga Janairun 2020 ta taƙaita rabo, mai nema ba ya samun fiye da 1,024 a karo guda. Abin da ya yi ƙaranci kuwa kun san makomarsa, ya zama haja. A 2011 kamfanin Microsoft ya sayi adireshi 666,624 a kan dalar Amurka miliyan 7 da rabi.

To, ina ruwan mai buhun wake da wannan? Ruwansa shi ne takardun duwan yanzu ta kwamfuta ake yin su, da tsarin SYDONIA, kuma gwamnatoci sun koma haɗa ma'aikatunsu bisa rezo guda don rage kashe kuɗi. A Najeriya, kamfanin gwamnati Galaxy Backbone da aka kafa a 2006 irin aikin da yake yi ke nan. Idan baitulmali da asibiti da makaranta suka hau hanya ɗaya, dole a samu mai rabon lambobi, kamar yadda sarkin kasuwa ke rabon rumfuna.

Dabarar da ake yi ta yi kama da ta fatoma. Baƙi hamsin sun sauka gidansa, kowa da ɗakinsa, amma a waje sunan maigida kaɗai aka sani. Haka kwamfutoci masu yawa ke fita intanet da adireshi ɗaya, a ciki kuma kowace da lambarta ta gida. Illar abin, idan baƙo ɗaya ya yi ɓarna, gidan duka ake ƙaurace wa. Kwamfuta guda mai cuta tana iya sa a toshe adireshin, kowa ya sha.

Lambobin cikin gida suna da yawa, amma su ma suna da tasu rigima. Da can kowane biro ya shirya rezonsa shi kaɗai, kuma galibi lambobi iri ɗaya suka ɗauka, masu farawa da 192.168. Ranar da aka haɗe su sai rumfa ɗaya ta tashi da masu ita goma. Shi ya sa ake sake rabo daga sama, kowane biro a yanka masa ɗan yanki, misali 256, waɗanda 254 ne ke aikatuwa.

Na ga haka da idona a wani biro da na je ɗaukar rahoto. Da sassafe komai na tafiya, kafin azahar kwamfutar mai karɓar kuɗi ta ƙi shiga. Yaron da aka kira ya duba, ya tarar lafiyar waya lau. Ashe lambar wifi ce ta bazu, salular ma'aikata da ta baƙi da ta masu sayar da abinci a ƙofa duk sun kama adireshi. Na'urar rabon kuwa aron kwanaki take bayarwa, don haka wanda ya tafi tun jiya rumfarsa na nan a kulle da sunansa. Mutane sun yi layi har la'asar saboda haka.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Na'urorin da ke yi wa jama'a aiki a ba su adireshi na dindindin, a rubuta cikin rajista. A ware wa baƙi nasu yanki, aron nasu ya zama na awoyi. Biron da ya riƙe lambobin da ba ya aiki da su, a karɓe a ba mai buƙata. Magani mai ɗorewa kuma shi ne IPv6, tsarin da aka fitar tun 1998, wanda adireshinsa ba abin da za a ƙare ba ne, sai dai yana son na'urori masu iyawa da ma'aikatan da aka horar.

Mu ma muna da namu rabo. Idan ka shiga biro, Alhaji, bar roƙon lambar wifi, watakila salularka ce ke tsare motarka. Shugabannin ƴan kasuwa kuma, in an zauna da hukuma, su tambaya: wa ke riƙe da rajistar adireshi, kuma wace na'ura aka sa gaba? Allah ya ba da kasuwa.