Tsohon Kare Ma Yana Bukatar Rigakafi

'Yan'uwa, karen da ya shekara 7 yana gadin gida ko gona ya soma tsufa. Jikinsa ba ya jure cuta kamar dā. Saboda haka kada a fasa yi masa allurar rigakafin haukan kare kowace shekara. Ta wurin cizo cutar take shiga mutum, in kuwa alamunta suka bayyana, ba magani. A Vom, Jihar Filato, ana yin wannan allura. Mutanen Gusau, Tsafe da Bungudu, ku nemi likitan dabbobi. Da damina ku cire masa kaska, ku ba shi maganin tsutsar ciki. Da bazara kada ya rasa inuwa da ruwa. Lafiyarsa kāriya ce ga 'ya'yanku.