Ƙasa Mai Tsakuwa a Yankin Rano da Kibiya: Siffofinta da Matsayinta a Wurin Masana

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Rano da Kibiya da rani ba zai rasa lura da manyan duwatsun da suka yi cirko-cirko a cikin karkara ba. A gindinsu kuwa akwai filaye da tsakuwa ta lulluɓe, inda ba a ganin komai sai sabara da kalgo da busasshiyar ciyawa, da awaki suna kiwo. Sau da yawa akan ji mutane suna kiran irin wannan wuri "ƙasar banza", domin garma ba ta shigarsa sosai, gero kuma ba ya yin albarka a cikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai karatu cewa ƙasar tana da asali da siffofi da suna a wurin masana, kuma tana da aikin da ya dace da ita, wato kiwo. Idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, za a rasa noman, a rasa kiwon.

Yadda Ƙasar Ta Samu

Mafi yawan kudancin Jihar Kano yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu, waɗanda shekarunsu suka haura miliyan 500. Da yawa daga cikinsu nau'in giranit ne, wato dutse mai ƙwayoyi manya-manya da ido ke iya gani. Zafin rana da sanyin dare suna sa fuskar dutsen ta riƙa tsagewa. Ruwan sama ya shiga tsagar, ya ruɓar da ma'adinai masu laushi su koma laka, ya bar ƙwayoyin ƙanƙarar dutse masu tauri su zama yashi da tsakuwa. Saiwoyin tsirrai da gara da ƙananan halittu su kuma su gauraya wannan gari da ruɓaɓɓen ganye. Haka nan ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ƙara masa ɗan sinadari kowace shekara. Aikin yana tafiya a hankali ƙwarai, har santimita ɗaya ta ƙasa takan ci ɗaruruwan shekaru kafin ta samu.

A shekarar 1941 wani masani mai suna Hans Jenny ya bayyana cewa abubuwa biyar ne ke tsara kamannin kowace ƙasa: dutsen asali, yanayi, halittu, shimfiɗar wuri, da kuma lokaci. A yankinmu na huɗun ne ya fi tasiri. A kan gangara, ruwa yana kwashe lallausar ƙasa kusan da saurin da take samuwa, ya kai ta gonakin ƙasa da fadamu. Abin da ya rage a sama shi ne tsakuwa da 'yar ƙasa kaɗan a kan fa.

Siffofinta

Siffa ta farko ita ce rashin zurfi. Idan aka haƙa rami, sau da yawa ba a kai tsawon kamu ɗaya ba za a ci karo da dutse ko marmara. Ta biyu ita ce yawan tsakuwa. A ƙa'idar masana, duk ƙwayar da faɗinta ya wuce milimita 2 ba a lissafa ta cikin lallausar ƙasa. Ta uku ita ce ƙarancin taki, domin ruɓaɓɓen ganye a irin wannan ƙasa ba kasafai yake kai kashi 1 cikin 100 ba.

Babbar matsalarta dai ita ce ruwa, kuma ɗan lissafi zai fito da wannan fili. A ƙiyasi, kowace santimita ta ƙasa mai yashi-yashi tana riƙe wa tsiro ruwa kimanin milimita 1. Gona mai zurfin mita ɗaya ke nan tana ajiye kusan milimita 100. To, a ɗauki ƙasa mai zurfin santimita 20, wadda rabinta tsakuwa ce. Lallausar ƙasar cikinta santimita 10 ce kawai, ruwan da za ta ajiye kuwa milimita 10. Shuka da ta kankama tana iya shan milimita 5 a rana mai zafi. Saboda haka idan ruwa ya ɗauke, gona mai zurfi za ta jure kusan kwana 20, ita kuwa mai tsakuwa kwana biyu ko uku sun ishe ta. Wannan ne dalilin da ya sa dawa take fara yaushi a gindin dutse alhali ta kusa da fadama tana nan shar.

Amma tsakuwar tana da nata amfani. Tana tare ƙarfin ɗigon ruwan sama, tana rage gudun ruwa, tana kuma hana rana busar da abin da ke ƙarƙashinta da wuri. Wanda ya ɗaga dutse da safe bayan an kwana biyu da ruwa zai ga damshi da ƙwari a wurin.

Matsayinta a Rabe-raben Masana

Tun kafin zuwan boko manomin Hausa yana da nasa rabe-raben. Ya san jigawa, ya san fadama, ya san laka da jangargari da marmara, ya kuma san fako, wato dandariyar ƙasa da ruwa ke zamewa a kanta. Ma'auninsa shi ne launi da tauri da abin da ƙasa ke iya fitarwa. Masana sun ƙara da awon zurfi da binciken ɗakin gwaji, domin a sami suna ɗaya da za a fahimta a ko'ina.

A tsarin taswirar ƙasa ta duniya da hukumomin FAO da UNESCO suka fitar a 1974, ƙasar da dutse ke ƙarƙashinta a zurfin da bai wuce santimita 10 ba sunanta Litosol. Tsarin duniya da ya biyo baya a 1998, wanda bugunsa na 2022 ke da manyan rukunoni 32, ya sa ta cikin rukunin Leftosol, daga kalmar Girkanci mai ma'anar siriri. Sharaɗin shi ne a sami shimfiɗaɗɗen dutse cikin santimita 25 na sama, ko kuwa lallausar ƙasa ta gaza kashi 20 cikin 100 har zuwa zurfin santimita 75. Wannan rukuni shi ne mafi faɗi a duniya, ya mamaye fiye da hekta miliyan 1,600. Inda kuwa marmara ce ta tare saiwa, wato ƙasa mai ƙarfe da ta daskare, akan sa ta cikin rukunin Filintosol. A tsarin Amurka na 1975, yawancin irin wannan siririyar ƙasa tana faɗawa cikin Entisol, ma'ana ƙasar da ba ta daɗe har ta yi hawa-hawa ba.

Shin Hamada Ce?

Ɗalibai kan tambaya ko waɗannan filaye alamar isowar hamada ne, tun da sun yi kama da hotunan dajin Agadas. Kamannin na sama ne kawai. A hamadar Sahara akwai shimfiɗaɗɗun filayen tsakuwa, waɗanda iska ta taimaka wajen share musu lallausar ƙasa. Ruwan shekara a Agadas ba ya kai milimita 200, don haka ba ya isa ya wanke gishiri da farar ƙasa, sai su taru a ƙarƙashin tsakuwar. Irin wannan ƙasa ita tsarin Amurka ke kira Aridisol. Kudancin Kano kuwa yana samun kimanin milimita 800 zuwa 1,000, ruwan da ke wanke gishirin har ƙasar ta ɗan yi tsami. Ƙishirwar tamu ta rashin wurin ajiya ce, ba ta rashin ruwan sama ba, kuma wannan abu ne da ɗan Adam zai iya gyarawa ko ya ƙara ɓatawa.

Abin da Ya Dace da Ita

Tsirran da ke rayuwa a nan sun saba da wahala. Itatuwa irin su hano da kukkuki suna cusa saiwa cikin tsagar dutse, su zubar da ganye da rani. Kyasuwa takan tsiro ta yi iri cikin ɗan lokaci, gamba kuwa tana barin tushenta a ƙasa har wata damina. Waɗannan ne abincin shanu da tumaki a lokacin da gonaki ke cike da shuka, kuma shi ya sa magabata suka bar irin waɗannan wurare a matsayin makiyaya da burtali. Gwamnatin Jihar Arewa ma ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965.

Yawan jama'a ya sa ana sare itatuwan ana nome gangaren. Shekara biyu ko uku ana ɗan samun amfani, daga nan ruwa ya kwashe 'yar ƙasar, wuri ya koma fako. Manomi ya tashi hannu banza, makiyayi ya rasa inda zai tsayar da dabbobinsa, sai su faɗa gonaki, rigima ta tashi. Ƙasar da aka kwashe kuma takan ƙare a rafuka da madatsun ruwa irin na Tiga, tana rage musu zurfi. Kiwon da ya wuce kima da ƙonen daji su ma suna kai wa ga haka.

Gyara yana yiwuwa. A Keita ta ƙasar Adar, cikin Jamhuriyar Nijar, an fara wani shiri a 1984 da taimakon Italiya da FAO, inda jama'a, musamman mata, suka jera duwatsu a gicciyen gangara, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa itatuwa a tuddan da suka zama ƙeƙasassu. Dutsen da ake ƙorafi a kansa shi ya zama kayan aikin.

Kammalawa

Malamai za su iya kai ɗalibai gindin dutse mafi kusa, a haƙa ramuka uku: ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da fadama. A auna zurfin kowanne, a tankaɗe mudu ɗaya na ƙasarsa da rariya don a ga yawan tsakuwa, a kuma rubuta sunayen tsirran da ke wurin da sunan da dattawa ke kiran ƙasar. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa zai gane inda ya kamata a noma da inda ya kamata a bar wa dabbobi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ƙasar da damina uku suka kwashe, jikokinmu ma ba za su ga dawowarta ba.