Dodon Kwamfuta a Ƙasar Masunta

Daga Jakusko ta jihar Yobe zuwa bakin teku kusan kilomita dubu ne, kuma da yawa daga mutanen Gashua da Nguru za su tsufa ba su taɓa ganin ruwan gishiri ba. Duk da haka, a shagunan da ake tura wa mutane fina-finai a waya ko a memori, cikin tarin na Indiya da na Kannywood da na faɗan 'yan China, ba ka rasa na dodannin ruwa: kifin shak mai kai biyu, mesa mai haɗiye mutum ɗungurungum, kada mai kife jirgi. Yawancinsu na araha ne, ko ɗan firamare zai gane dodon zanen kwamfuta ne. Amma ana kallo, har a maimaita.

Tushen abin a Amurka yake. A 1975 Steven Spielberg ya fitar da Jaws, labarin kifin shak da ya addabi wani gari na bakin teku. Kifin inji da aka ƙera masa ya riƙa lalacewa ana tsakiyar ɗauka, dole ta sa ya ɓoye dodon a mafi yawan fim ɗin, ya bar kiɗa da motsin ruwa suna tayar wa mai kallo da hankali. Fim ɗin ya tara kuɗi na fitar hankali, masu kwaikwayo suka biyo baya. Sai dai su ba su ɗauki darasin ɓoyewar ba. Kamfanin The Asylum ya fitar da Mega Shark Versus Giant Octopus a 2009, inda kifi ya yi tsalle daga teku ya cafke jirgin sama yana tafiya cikin gajimare. A 2013 ya kawo Sharknado a tashar Syfy: guguwa ta kwaso kifaye tana zubar da su a titunan Los Angeles, jarumin kuma ya faɗa cikin bakin ɗaya riƙe da injin yankan itace, ya tsaga cikinsa ya fito. Sai da aka yi kashi shida kafin a tsaya a 2018. Masu shirin sun san shirme suke yi, kuma shirmen suke sayarwa.

To me ya haɗa mutumin Bade, ɗan wannan yanki, da irin waɗannan fina-finai? Da farko akwai sauƙi. Fim ɗin ba ya buƙatar jin Turanci. Ga dodo, ga masu gudu, shi ke nan. Ba shi da nauyi a waya, kuma hoton da zai ba da kunya a babban allo yana wucewa lafiya a ƙaramin gilashi. Sannan ido ya riga ya saba. Iyayen samarin da ke kallon nan sun kalli Nagin na 1976 da Nagina na 1986, inda macijiya ke rikiɗa ta zama mace, ba wanda ya tambayi ta yaya. Kafin su ma akwai Dodo na tatsuniya, da macijin rijiyar Kusugu a labarin Bayajida.

Amma a ganina babban dalili shi ne cewa mutanen yankin sun san ruwa fiye da masu fim ɗin. Nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe. Nan ne fadamar Haɗeja-Nguru, wadda tafkin Nguru da mashigin Marma suka shiga jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya a 2000. A Gogaram ta ƙaramar hukumar Jakusko ake bikin kamun kifi na Bade. Wanda ya tashi yana hawa gora, ya san nauyin giwan ruwa a hannu, ya san yadda tarwaɗa ke suka, in ya zauna gaban irin wannan fim alƙali yake zama. Zai ce kifi ba ya juyawa haka. Zai ce wannan bai iya riƙe filafili ba. Zai yi dariyar Baturen da aka ce masa kada ya shiga ruwa, ya tuɓe ya shiga. Daɗin yana cikin fin fim ɗin wayo, shi ya sa ba a cika kallonsa mutum ɗaya ba. A majalisa ake kunna shi, kawuna biyar kan waya ɗaya, ana cacar baki kan wanda dodo zai fara ci. (Kusan kullum mai girman kai ne, ko mai kuɗin da ya ƙi jin gargaɗi, kuma ba wanda ke jin tausayinsa.)

Fassara ta ƙara wa abin armashi. Salon da su Algaita suka yi suna da shi a Kano kan fina-finan Indiya ya yaɗu zuwa na wasu ƙasashe, kuma mai fassara ba ya tsayawa kan abin da aka faɗa. Yakan saka habaici, ya raɗa wa jarumi laƙabi, ya sa masanin kimiyya ya yi magana kamar ɗan tasha. In fim ɗin dama ba shi da wata magana mai ma'ana, ba abin da aka yi asara.

Abin da hakan ya haifar ba mai girma ba ne, amma akwai shi. Masu shagon turawa suna samun na cefane, masu fim ɗin kuwa ko sisi ba ya kai musu. Iyaye na ƙorafi, kuma da gaskiyarsu, domin irin waɗannan fina-finai sun cika nuna mata da kayan wanka, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, da aka kafa a 2001, ba ta da iko da abin da ke yawo daga waya zuwa waya a Yobe. Batun cewa suna sa yara tsoron ruwa kuwa ban yarda da shi ba. Yaron Gashua ya ga ambaliyar 2022, ya ga kachalla ta toshe hanyar kwale-kwale, ya ji labarin jirgin da ya kife da 'yan kasuwa saboda lodi. Kifin kwamfuta hutu ne daga waɗannan.

Abin da ya fi damuna na masu shirya fim ɗinmu ne. Da wuya ka ga Kannywood ta ɗauki kyamara zuwa bakin kogi don labarin ruwa, alhali ga Sarkin Ruwa, ga surkullen masunta, ga ayu da ake ta ba da labarinsa, ga 'yan ruwa da kowace kaka ke gargaɗin jikoki da su. Uzurin da aka saba ji shi ne rashin kuɗin dabarun kwamfuta, da gudun kada a yi wa mutum dariya. The Asylum ta nuna dariyar ma haja ce, Spielberg kuma ya nuna ba sai an ga dodon ba. Akwai wani shinge na gaske, wato tsoron kada malamai su ce ana raya camfi. Dodon Amurka ba ya fuskantar wannan tuhuma, tunda ba wanda ya taɓa yi masa yanka a bakin kogi. Kafin manya su yanke shawara, yara sun riga sun fara: da manhajar waya suna liƙa kada ko maciji a bidiyon tafkin garinsu, su ɗora a TikTok, abokai na ta yi musu gyara a kan inuwar da suka manta ba su saka ba.