Yadda A Ke Zana Dutse da Fentin Mai

A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 wani salon zane ya bayyana a Turai, ana ce da shi Romantik. Wanda ya ji sunan sai ya zaci maganar soyayya ce, amma ba haka ba ne. Abin da masu salon nan su ke so shi ne, in mutum ya dubi hoton dutse ya ji kwarjininsa, ya ga ƙanƙantar kansa. Da ya ke zane na ke koyarwa, na ga ya kamata in bayyana muku hanyar, don gobe ku za ku tsaya gaban yara.

Mu ɗauki Caspar David Friedrich, Bajamushe, wanda aka haifa a 1774, ya rasu a 1840. Wajen 1818 ya zana wani matafiyi tsaye bisa tsauni, da sanda a hannu, ya ba mu baya, hazo ya malale ƙarƙashinsa kamar teku. Hoton yana Hamburg. Tsayinsa bai kai mita 1 ba, amma in ka dube shi sai ka ce tafiyar kwana da kwanaki ce a cikinsa. To, asirin abin shi ne nisa. Wanda bai iya nuna nisa ba, ko ya cika ƙyallen da dutse, suri kawai ya zana.

Friedrich ya kan fita da fensir ya zana duwatsu da itatuwa ɗaya ɗaya, sa'an nan ya koma ɗakinsa a Dresden ya harhaɗa su. Saboda haka na kan ce wa ɗalibi, ido ke fara aiki kafin buroshi. Dubi tuddai da hantsi cikin hunturu. Na kusa yana da duhu, kana ganin tsagarsa. Na bayansa ya yi toka-toka. Na can nesa kuwa ya koɗe ya yi shuɗi-shuɗi, har bakinsa ya saje da sama. Dalili kuwa, iska da ƙurar da ke tsakaninku su ke watsa haske.

Ga yadda za ka bi. Da fari ka ja siffar duwatsun da fensir a kan ƙyallen da aka shafe da farin fenti. Sa'an nan ka fara daga baya, watau sama tukuna. Ka ɗebi launin saman nan ka ƙara masa duhu kaɗan, shi ne dutsen nesa. Duk sahun da ya matso, ka rage fari, ka ƙara ruwan ƙasa. Baƙin dutsen gaba shi ne na ƙarshe. In ka ɗora ɗan mutum a kansa, da shi mai kallo zai auna girman sauran.

Akwai doka guda wadda ba a karya ta. Shafin ƙasa a tsinka shi da tafentain, na sama kuwa a ƙara masa man linsid. Fentin mai ba ya bushewa kamar wanki a igiya. Man ne ke shan iska sannu a hankali har ya daskare. In na sama ya riga na ƙasa bushewa, hoton sai ya tsattsage kamar fadama da rani. Don haka kowane shafi a ba shi kwanaki, hazon ma sai dutse ya bushe a ke lulluɓa masa shi, siriri siriri.

Na san fentin mai da tsada, ba kowace makaranta za ta same shi ba. Kada wannan ya hana ka. Fitar da yara waje, ba su gawayi da takarda, su zana tudu uku: baƙi, da toka-toka, da fari-fari. Yaron da ya gane wannan ya daina kwafe hoton littafi, ya fara gani da idonsa. Ran da fenti ya samu, hannu kaɗai ya rage masa ya koya, sannu kuwa ba ta hana zuwa.