Kafin matashin Mai Wurno ya kai takardar neman aiki

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno da ke kusa da Sannar, idan dattijo ya ce "aiki mai kyau", sau da yawa Hukumar Noman Jazira yake nufi. Yana da hujja. An kammala madatsar Sannar a 1925, daga baya kuma hukumar ta zama uwa ma ba da mama: ita ke ɗaukar malaman gona, akawu, direbobi da masu gurzar auduga.

Sai dai dokar Jazira ta 2005 ta sakar wa manomi mara ya shuka abin da ya ga dama, a 2009 kuma aka sallami mafi yawan ma'aikatan hukumar. Matashin da ya tsara karatunsa a kan labarin kakansa zai iya ƙarewa da takardar da babu mai nemanta. Shi ya sa bincike yake zuwa kafin zaɓen fanni, ba bayan an kammala ba.

Masana'antun sukari misali ne mai kyau. Akwai ta Junaid da ta fara aiki a 1962, da ta Sannar a 1976, sannan Kenana a jihar Farin Nilu. Sunayen manya ne, amma suna ba ya biyan albashi. Yankan rake da matsarsa aikin rani ne, kuma da yawa daga waɗanda ake ɗauka ana sallamarsu da zarar kakar ta wuce. Masu zama su ne irin su makanikai, masu lantarki da ma'aikatan ɗakin gwaji. Tambayar farko ke nan: na dindindin ne ko na kaka? Ta biyu: ana biya a kan kari? Amsar gaskiya ba ta jikin sanarwa. Tana bakin wanda ya yi shekara biyu a wurin, musamman wanda ya bari, domin shi ba ya tsoron kowa.

Noma ma yana da nasa lissafin. Iyalai da dama a kanabi, wato sansanonin leburori, ba su da hawasha tasu, sai dai noman raba-daidai. Kafin a shiga, a san wa zai sayi iri da taki, kuma wa zai ɗauki asara idan ruwa bai iso ƙarshen magudana ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula komai. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. Duk bayanin da ya girmi wannan lokaci sai an sake tantance shi, ta waya ko ta ɗan uwa da ke kusa: injinan suna juyawa? Ma'aikata sun koma? Kuma tun kafin gurbi ya fito, matashi ya tanadi lambarsa ta ɗan ƙasa, domin manyan ma'aikatu suna fara tambayarta.