Kafso ja da rawaya a gaɓar Kainji: yadda muke ƙarar da ƙarfin magani

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a kan gaba. Duk wanda ya san yadda ake cinikin kafso a kasuwannin Yauri, Wara da Shanga ba zai yi mamaki ba. A ganina babban laifin yana wuyan wannan ciniki: a ƙirga wa mutum ƙwaya huɗu ko shida gwargwadon kuɗin aljihunsa, ba gwaji, ba takardar likita.

Kowane ɗaya daga cikin magungunan nan yana da inda yake kai hari. Amoxicillin da Ampiclox suna hana bakteriya gina katangar da ta kewaye jikinta, sai ta fashe. Tetracycline, wanda muka fi sani da ja da rawaya, yana toshe mata wurin ƙera furotin. Cipro yana hana ta kwafar ƙwayar halittarta lokacin da za ta rabu biyu, Septrin kuma ya yanke mata wani sinadari da ba ta hayayyafa sai da shi.

To, ƙwayar da ke kawo mura ba ta da wannan katanga. Zazzaɓin cizon sauro maganinsa daban ne. Tsargiya kuwa, wadda ke sa yaran bakin ruwa fitsarin jini, tsutsa ce da katantanwar tafki ke yaɗawa, kuma praziquantel ne maganinta. Uban da ya sayo wa ɗansa Ampiclox saboda tsargiya ya yi asarar kuɗinsa, yaron kuma yana nan da ciwonsa.

Da a nan ɓarnar ta tsaya, da da sauƙi. Kafson da aka haɗiya ba bisa ƙa'ida ba yana kashe masu rauni daga cikin bakteriyar hanji, ya bar masu taurin kai. Wasu suna fitar da sinadarin da ke tsinka irin su Amoxicillin, wasu suna tunkuɗo maganin waje, kuma suna miƙa wa junansu wannan dabara. Makiyaya ma suna yi wa shanu allurar oxytetracycline da hannunsu. Bayan gidan mutum da kashin dabba duk damina ke wankowa cikin ruwan da ake sha, ake wanka, ake kamun kifi. Ranar da taifot ko ciwon huhu na gaskiya ya kama jariri, sai maganin araha ya ƙi ci, a koma neman allurai masu tsada.

Akwai masu cewa mutumin da ke zaune a tsibiri, wanda sai ya hau kwalekwale kafin ya ga asibiti, ba shi da zaɓi sai ɗan kemis. Gaskiya ne, kuma rashin tsabtataccen ruwan sha na ƙara yawan masu gudawa. Amma nisan asibiti bai halatta a bai wa mai mura kafso ba.

Dokar ƙasa ba ta yarda shagunan ƙananan magunguna su sayar da irin waɗannan kafso ba tare da takardar likita ba. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta tabbatar da dokar a ranakun kasuwa, ta kai ma'aikatan lafiya da kayan gwajin zazzaɓi tsibirai, Masarautar Yauri kuma ta sa hakimai da limamai su faɗakar da iyaye.