Sholay: fim ɗin da ba mu ji yarensa ba, amma muka gane shi sarai

Ranar 24 ga watan Nuwamba na 2025 Dharmendra ya rasu a birnin Mumbai yana da shekara 89. A ƙasar Hausa ba matasa ne labarin ya fi taɓawa ba. Magidanta ne, ƴan shekara arba'in zuwa sittin, waɗanda tun suna yara suka san shi da sunan da Hausawa suka raɗa masa, Sarkin Ƙarfi. A fadar shayi, daga Tanut zuwa Belbeji, in aka ɗauko hirar silimar da, da wuya a tashi ba a ambaci Sholay ba. Fim ɗin ya fito ranar 15 ga watan Agusta na 1975, ke nan ya cika shekara 50 a shekarar da jaruminsa ya bar duniya.

Abin tambaya shi ne yadda fim mai tsawon fiye da awa uku, da harshen Hindi, ya zauna a zuciyar yaron Damargu da bai san kalma ko ɗaya ta wannan harshe ba.

Ga wanda bai gani ba, ko ya manta, ga labarin. Thakur tsohon ɗan sanda ne a wani ƙauye mai suna Ramgar. Ya taɓa kama shugaban ƴan fashi Gabbar Singh, shi kuwa ya tsere daga kaso, ya zo ya karkashe iyalin Thakur, sannan ya sare masa hannu biyu. Mutum ba hannu, ga ƙuna a zuci. Sai ya ɗauko hayar wasu ƙananan ɓarayi biyu, Viru da Jai, wato Dharmendra da Amitabh Bachchan, don ya taɓa ganin jarumtarsu ranar da mahara suka tare jirgin ƙasa. Sharaɗinsa ɗaya: su kawo masa Gabbar da rai. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, Amjad Khan ya fito a Gabbar, Hema Malini kuma ita ce Basanti, mai keken doki, sarauniyar surutu. A gidan silima na Minerva da ke Mumbai an yi shekara biyar ana nuna shi ba a sauke ba.

Finafinan Indiya sun shigo yankinmu tun shekarun 1950. A arewacin Najeriya ƴan kasuwa Labanawa ne suka riƙa kawo su, a ƙasashe rainon Faransa kuwa kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da harkar rarraba finafinai. Amma wannan zancen manyan birane ne, irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram. Tanut na da nisan kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, balle ƙauyukan Tarka da Gangara da Olelewa. Yawancin yaran wannan yanki sai da kasat ɗin bidiyo ya yaɗu suka ga Sholay, shekaru da dama bayan fitarsa. Ɗan cin rani ya dawo daga Kano ko Libiya da tele da magneto, a samu ƙaramin inji, a kewaye fili da zana, a sa yaro a bakin ƙofa yana karɓar dala biyar ko dala goma. Marar kuɗi ya nemi ɓula a jikin zana.

Kasat ɗin ma ya sha kwafa har launinsa ya koɗe, in akwai rubutun fassara a ƙasa, da Turanci ne ko Larabci. Don haka kusan kowane gidan bidiyo na da gwaninsa, wanda ya ga fim ɗin sau goma, yana zaune gaba yana faɗa wa jama'a abin da ake cewa. Rabin fassarar nan daga kansa take fitowa, ba kuma mai ƙaryata shi. Shi ya sa in tsofaffin abokai biyu daga garuruwa daban suka haɗu, sai ka ji suna gardama kan abin da Gabbar ya faɗa, kowa na rantsuwa da nasa. Duka biyun Sholay suka gani, amma kowa da bakin gwanin garinsu ya ji shi.

Sai dai ba gwanin ne ya yi babban aikin ba. Labarin da kansa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Dubi abin da mutanen Gabbar suke zuwa nema a Ramgar: ba zinariya ba, ba kuɗin banki ba, hatsi ne. Mahaya uku su shigo gari, talakawa su fito da buhunan da suka noma su ajiye a gabansu, don a bar su su kwana lafiya. Ɗan Damargu ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ƙasar nan ta yi suna a matsayin rumbun gero na ayarin da ke bi tsakanin Kano da Damagaram da Abzin, kuma inda hatsi da ayari suke, nan mahara suke. Kakanni sun ba da labarin zamanin hari, lokacin da manomi ke noma da ido ɗaya a gona, ɗaya a bakin daji. Su kuma yaran da suka cika gidajen bidiyo, da yawansu sun rayu cikin yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari. Wanda ya ga rumbun gidansu wayam ya san nauyin buhu guda in ana ɗauke shi da ƙarfi.

Filin ma bai zama baƙo ba. An ɗauki fim ɗin a Ramanagara, kusa da Bangalor, wuri mai duwatsu da ƙura da rana. Ga dawaki, ga rawani, ga mata masu lulluɓi, ga kunya tsakanin Jai da Radha, surukar Thakur da mijinta ya mutu, waɗanda soyayyarsu ba ta wuce kallo daga nesa da kashe fitila da magariba ba. Iyayen da ke hana kallon finafinan Turawa sukan ɗan sassauta a nan.

Akwai kuma limamin ƙauyen, dattijo makaho. Gabbar ya kashe ɗansa Ahmad, ya ɗoro gawar a kan doki ya koro ta gari. Jama'a suka firgita, suka ce a miƙa baƙin nan biyu a huta. Tsohon da aka yi wa rashin shi ne ya ƙi, da aka kira salla kuma ya kama hanyar masallaci. A ganina nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi, ya fi duk harbe-harben. Yaro ba ya lura da shi sosai, hankalinsa na kan babur mai kwando a gefe da rawar Basanti a kan fasassun kwalabe. Sai ya girma, ya binne nasa, sannan wurin ke dawo masa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: Sholay ɗan kaboyi ne da ya sa rigar Indiya. Ƙashin labarin, wato ƙauye ya ɗauko mayaƙa su kare shi daga masu ƙwace amfanin gona, ya fito a fim ɗin Akira Kurosawa na Japan a 1954, Amurkawa suka maimaita shi da kaboyi bakwai a 1960, salon harbi da kiɗa kuma ya ɗebo daga finafinan Sergio Leone na Italiya. Mu ma a Nijar mun taɓa wannan hanya, har mun riga Indiyawan. A 1966 Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi, Jimi, ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka addabi garinsu da sata da faɗa. Zalika Sule da Jingare Maiga na cikin ƴan wasan. Tun a lokacin Alasan ya hango abin da silima ke yi wa kan matashi. Abin takaici, yaran da suka haddace sunan dokin Basanti, Dhanno, akasarinsu ba su taɓa samun inda za su ga wannan fim na gida ba.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da gaskiya a ciki, amma ba wai finafinan yau sun fi muni ba ne. Yaron yanzu ya fi mu gata: kamfanonin Kano irin su Algaita suna juya finafinan Indiya zuwa Hausa, ya sa a katin salula, ya ji kowace kalma. Abin da ya rasa shi ne taron. Shi kaɗai yake kallo, da abin ji a kunne. Mu kuwa mutum hamsin ne ke yin tsit lokaci guda sa'ad da Jai ya tsaya shi kaɗai a bakin gada, su kuma yi salati tare da Viru ya gano cewa kwabon da abokinsa ke jefawa a duk gardama fuska iri ɗaya gare shi gaba da baya. Washegari a makaranta da bakin rijiya, labarin ke nan har mako.

Akwai kuma abin da ya sa kallon ya sauya ɗanɗano. A wancan lokaci Gabbar tatsuniya ne, ana kashe inji ya ɓace. Yau masu irin sana'arsa suna kan babura, suna kore shanu, suna sace mutane, suna aza wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi girbi, a Zamfara da Katsina, matsalar kuma ta tsallako har kudancin jihar Maraɗi. Magidancin da ya sake kallon wurin karɓar hatsin nan yanzu ba ya tafi kamar da.

Ko ƙarshen da muka sani ba shi ne na asali ba. Sippy ya ɗauki fim ɗin ne a kan Thakur ya kashe Gabbar da takalmi mai ƙusoshi. Lokacin Indiya na cikin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, hukumar tace finafinai ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa. Dole aka sake ɗauka: ƴan sanda suka iso a daidai lokacin, suka tafi da Gabbar. A watan Yuni na 2025 aka nuna gyararren kwafi mai ɗauke da ƙarshen farko a birnin Bolonya na Italiya, wata biyar kafin rasuwar Sarkin Ƙarfi.